Konjen Pak a Maraɗi: ya zan yi da gaishe-gaishe, ga yara ba su san garin ba?

Ɗan Mokoyo:

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina wuninku, ya zahi. Shawara nike nema wajen waɗanda ke zaune Maraɗi yanzu ko masu zuwa akai-akai. Ni haihuwar Mokoyo ne amma aiki ya riƙe ni Yamai da daɗewa, can anka haifi yarana duka. To ga konjen Pak, wato hutun Ista na ƴan makaranta, ya ƙarato, lakwal za ta ruhe wajen ƙarshen watan Maris, ni ma wurin aiki sun ba ni hutu daidai da nasu, shi ne munka shirya da uwargida mu taho gida gaba ɗayanmu in Allah ya yarda.

Abin da ke damuna shi ne duk zuwan da mukai iri guda ne. Tun ranar da munka sauka tsohuwa za ta hwara lissahi, gidan wane an yi rasuwa ba ka zo ba, gidan wance an yi haihuwa, gwaggonka ta unguwar Zariya ba lahiya, kawunka ya dawo daga Umra, abokin babanka na ta cigiyarka, haka za mu yi ta shiga gida muna hita har ranar komawa ta zo. Wallahi ba ƙin zumunci nike ba, ina son mutanen nan kuma na san hakkinsu na bisa kaina. Amma yaran su ke ban tausai. Ko dai a bar su gida da salula a hannu, ko a ja su gida-gida su zauna bisa tabarma suna ta gumi ba su san wa ke gaishe su ba, Hausar ma babban ne kawai ke jin ta sosai, ƙananan Zabarmanci da Faransanci sun fi zama bakinsu. Kwanaki babban, shi ke sankiyam, aji na biyu na sakandare, anka yi musu darasin gulaben Nijar, ya zo shina tambayata wai Gulbin Maraɗi da gaske kusa da gidan kaka yake? Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, yaron da in ya hita ƙohwar gidanmu da ƙahwa zai iya zuwa gulbin ya dawo kahin a gama dama hura.

To wannan karon ina so su ga gari. Ina za a kai yara cikin wannan zahin? Madarumhwa ana zuwa yanzu lahiya ko a haƙura? Kuma ta yaya zan ɓullo ma tsohuwa ba tare da ta ga kamar na zo yawon buɗe ido na bar dangi ba? Duk mai shawara ya taimaka, Allah ya bar zumunci.

Tsohon Mushe:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya kawo ku lahiya. Na koyar da yara a garin nan har na yi ritaya, kuma irin yaranka na gani da yawa, ana kawo su hutu su koma ba su san komi ba sai ɗakin kakarsu da mai shagon bakin layi.

Ni a ganina kada ka raba abin gida biyu, ka ce ga ranakun dangi ga ranakun yawo. In ka yi haka tsohuwarka za ta gane kuma ba za ta ji daɗi ba. Kwanakin hwarko dai nata ne, babu ja. Gaisuwar mutuwa ita ke gaba da komi, kuma da sahe ake yin ta, ka je kai da uwargida ku yi addu'a ku hito, wannan ba sai da yara ba. Sannan tsohwahhi da marasa lahiya. Waɗannan kam ka tahi da yaran, amma ka shirya su tun da dare. Ka sa kakarsu ta zaunar da su ta hwaɗa musu gobe gidan wa za a je, mi ya haɗa ku, ita ce ta goyi babanku, shi ne ya kai shi makarantar allo, a gidan nan anka yi sunan wance. Yaro in ya san labarin mutum kahin ya gan shi ba ya gajiya da zaman. Kuma tsohuwa da kanta ka ba ta aiki, ba za ta ƙara ganin kamar kana janye jikokinta ba.

Batun ganin gari kuwa, kai da ke Mokoyo ai cikin tarihin kake kwana. Wata sahiya da sanyin gari ka kama hannunsu ku taka zuwa hwadar Sarkin Katsina. Kahin ku isa ka tambaye su, don mi ake ce ma sarkin Maraɗi Sarkin Katsina alhali Katsina na Najeriya? Daga nan labarin zai buɗe. Wajen 1807 birnin Katsina ya hwaɗa hannun masu jihadi, gidan sarautar Haɓe sunka hito sunka yi arewa, sunka sha wuya ƙwarai har sai da sunka dangana da Damagaram, daga baya Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi ya kahwa sarautar a nan. Shi ya sa sunanshi ke ko'ina cikin garin. Bayanshi anka yi su Rauda da Ɗan Mari da Ɗan Baskore wanda ya daɗe bisa gado kuma ya yi ta kai yaƙi kudu. In kun isa ƙohwar hwada ku gaida dogarai da ladabi, ka ce ɗan gari ne kai ka kawo ɗiyanka daga Yamai su ga gida, ban taɓa ganin an kori mai irin wannan buƙata ba. Ka riƙe ɗan goro a aljihu.

Abu na biyu da nike so ka nuna musu, garin da suke gani ba nan yake ba da. Tsohuwar Maraɗi cikin kwarin gulbi take, ƙasa. A 1945 ruwa ya ci garin, shi ne anka tada mutane anka maido su bisa tudu, Nasara ya ja layuka miƙaƙƙu, unguwanni kuma sunka hau da sunayensu, Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Limanci, Ɗan Gulbi, har Mokoyon taku. Ka tsaya da su bakin gangare su dubi ƙasa su dubi sama, ko ba ka yi dogon bayani ba za su gane. In akwai tsoho ko tsohuwa a danginku da iyayensu sunka ba su labarin tashin, to gidan za ka kai su daga nan, ka ga gaisuwa ta yi, darasi ya yi.

Sai gulbin. Ka gargaɗi babban tun yanzu kada ya sa ran ganin ruwa kamar kogin Isa na Yamai, wannan lokacin rairayi ne zalla, sai damina yake kawowa daga wajen Katsina. Mu da munka girma da shi mun san da can ya fi haka malala, tun da anka yi dam a Jibiya ruwan ya ragu. Amma ruwan na nan ƙarƙashin ƙasa kusa-kusa, shi ya sa za ka ga garake kore shar cikin tsakiyar bazara, ga mangoro ya nuna. Mushen jeografi zai yi wata guda shina bayanin gulbin da ke gudu damina ya ƙahe da rani, yaronka zai taka shi da ƙahwa cikin sahiya ɗaya.

Maman Ƴan Biyu:

Sallama. Baba Mushe ya gama magana, Allah ya ƙara girma, amma ku bari in sa baki ta wajenmu mata don akwai abin da maza ba su lura da shi.

Yaya Ɗan Mokoyo, na farko dai zafi. Ka san Afrilu a garin nan, sama da digiri 40 ne kusan kullum, kuma kar ka ce ai Yamai ma akwai zafi sun saba, can suna cikin aji ko cikin gida, nan kuwa yawo kake so ku yi. Duk fitar da za a yi da yara daga an sallame asuba zuwa hantsi ne, sai kuma bayan la'asar. Tsakiyar rana kowa ya nemi inuwa. Ruwa a gora duk inda za ku, hula, takalmi mai kauri don rairayin gulbi yana ƙona ƙafa. Ka duba katin rigakafinsu kafin ku taso, lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. Kuma kuran yana ɗaukewa, dare waje za a kwana, to ku zo da gidan sauro naku kar ku ɗora wa tsohuwa.

Na biyu, a nan ne ban bi bayan Baba Mushe duka ba. Ƙananan nan da ka ce Hausa ba ta zauna bakinsu ba, ba zaman gaban tsofaffi zai zaunar da ita ba, kunya za su yi ta ji ana musu dariya suna noƙewa. Ka sake su cikin taubasansu da yaran layi. A aike su tare sayen ƙosai da safe, a kai niƙa tare, su je kallon ƙwallo a fili da yamma, ƴan matan su zauna wajen daka da tankaɗe. Ƴaƴan yayata da ke zuwa daga Agadas haka muke musu, kafin hutu ya ƙare sai ka ji suna faɗa da Hausa har da habaici. Salular nan kuwa a karɓe da rana, uwarsu ta ɓoye, za su yi kuka ranar farko shi ke nan.

Na uku uwargidanka. Ba ka faɗi ko ƴar ina ce ba amma ko ƴar ina ce, hutun nan ita ma hutunta ne, kar ya zama ta baro tukunyar Yamai ta zo ta kama ta Mokoyo daga safe har dare kai kana majalisa da abokai kuna shan shayi. Ka ware mata rana ta je nata ziyarce-ziyarcen, in tana da ƙawaye ko dangi nan. Ka yi haƙuri na faɗa kai tsaye, abin ne muke gani kullum.

Tsaraba kuma kar ka wahalar da kanka, mutane na cin bashi saboda wannan abin ba gaira ba dalili. Tsohuwa da gwaggwanni turmin zane ko mayafi in da hali, sauran gidaje sabulu da sukari da ganyen shayi sun isa, tsofaffi maza goro da ɗan abin da ya sawwaƙa a hannu, ko jika guda ce in ka miƙa da hannu biyu ka durƙusa ta wadatar. Ka ba tsohuwa kayan ita ta raba, ta fi ka sanin wa zai ji haushi in an tsallake shi. Kuma ka canjo ƙananan kuɗi tun can, don yaran dangi za su yi ta zuwa gaishe ka.

Kasuwa ma wurin kai yara ce. Babbar kasuwa Litinin da Juma'a take cika, mutanen ƙauye duk sun shigo, ku je da wuri ka riƙe hannun ƙananan gam. Ka kai su layin dukawa su ga yadda ake ɗinka takalmi da jaka, ka gaya musu fatar jar akuyar Maraɗi har Turai an san ta. Su ga aya buhu-buhu, yawancin ayar da suke ci a Yamai daga jihar nan take fita. Ka saya musu ƙuli-ƙuli mai zafi da goruba da kilishi. Amma fura da nono a gida za a dama musu da ruwa mai tsabta, cikin baƙo bai saba ba, kar zawo ya ɓata muku hutu.

Ɗan Jiratawa:

Slm babban yaya. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, fannin noma nike, gidanmu Jiratawa, to bari in ja ruwa zuwa gonarmu. Duk wanda ya ce zai nuna ma yaro Maraɗi bai kai shi Jiratawa ba to rabi ya nuna mishi. Kusa ne, kilomita 10 da ɗan ɗori kudu da gari, ko adaidaita za ta kai ku in kun yi shata. Tun farkon shekarun 1980 anka yi aikin noman rani a wurin, rijiyoyin burtsatse ne da pampo ke zuba ruwa cikin kanal, kanal ta raba ma gonaki, manoma kuma suna cikin koperatif kowa da ranar ban ruwanshi. Yara na son wannan abin sosai wallahi, su ga an buɗe ruwa shina bin hanya shina shiga fage ɗaya bayan ɗaya, in mai gonar mai kirki ne har zai ba su fartanya su tare ruwan da kansu. Ga zogale ko'ina, da sassafe za ka tarar mata na ta tsinka ana cusawa a buhu ana lodi, wani har Yamai ake kai shi, to kopton da suke ci can, wato kwaɗon zogale, su zo su ga inda yake fitowa. Akwai albasa, tattasai, rogo, ayaba, abin dai sai wanda ya gani. Kuma iskar wurin daban take da ta cikin gari saboda danshi.

Madarumfa kuma ana zuwa, mutane na zuwa kullum, kasuwanci da aiki da ziyara. Kilomita 20 da wani abu ne. Tabkin wannan lokacin ya ja baya ba kamar kaka ba amma ruwa na nan, masunta na nan da jiragensu, akwai tsuntsaye da yawa da safe, kuma za ku samu kifi sabo, tarwaɗa da karfasa, a soya muku nan take. Sai kushewun waliyyai 99 da ake faɗa suna kewaye da tabkin, mutane na zuwa ziyara daga nesa har daga Najeriya. Tun 2006 Nijar ta sa tabkin da dajin da kushewun cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Ka nemi wani dattijo ɗan garin ya zagaya da ku, kar ku yi ta bi kai tsaye ku kaɗai, wurin na da masu kula da shi kuma suna da ladubbansu. Na san akwai masu ganin ziyarar kushewa haka bai dace ba, wannan kowa da fahimtarshi, ni dai a ganina yaro ya san abin da ke ƙasarsu ba laifi ba ne.

Abu ɗaya don Allah, kar ka bari su shiga ruwan wanka ko da sun ga yaran garin na iyo. Ruwan kwance ne, ana ɗaukar tsargiya, sai an koma gida da makonni ka ga yaro na fitsarin jini. Jirgi kuma in za a shiga a shiga da babba, kar a cika shi.

Bisa hanya ka nuna musu gawo da sauran itatuwan da ke tsaye cikin gonaki. Malamanmu kullum suna faɗa, a shekarun 1980 bayan fari gonakin jihar nan sun zama fili fetal, sai manoma sunka koma barin tohon kututture suna sassabe shi suna gyarawa maimakon su tumɓuke, da haka itace ya dawo ba tare da an dasa ba. Daga Maraɗi abin ya fara, yanzu ƙasashe da yawa na zuwa koyo. Babban naka zai iya rubuta wannan in an koma lakwal.

Bagobiri na Tsibiri:

Salamu alaikum. Kowa na ta kudu kudu, an mance da mu. Malam Ɗan Mokoyo, motar da za ta kawo ku daga Yamai sai ta wuce ta Tsibiri kahin ta shiga Maraɗi, wajen kilomita 10 ne tsakani, to ba ka da hujjar ƙin kawo su. Baba Mushe ya ba da rabin labari, sauran rabin na wajenmu. Alƙalawa ta hwaɗi 1808, Gobirawa sunka watse, sannan a yaƙin Gawakuke 1836 anka kashe Sarkin Gobir Ali tare da Rauda na Maraɗi rana guda, bayan nan ne Mayaƙi ya kahwa Tsibiri. Garuruwan nan biyu tare sunka sha wuya tare sunka tsaya, yaro bai gane ɗaya sai da ɗayan. Ku zo da sahe ku ga hwadar Sarkin Gobir, su ga masu zanen Gobirci a huska tun da abin na ƙarewa, yaran yanzu ba a yi musu. Kuma tun da ka ce Zabarmanci ne bakinsu, ai taubasanmu ne ka kawo muna, za su sha wasa wajen tsohwahhi, ka hwaɗa musu tun gida kada su yi hushi.

Amma batun Madarumhwa ina da magana, ɗalibi ya hwaɗi gaskiya ana zuwa, sai dai bai ƙarasa ba. Kowa ya san abin da ke hwaruwa a ƙauyukan bakin iyaka, wajen Gabi da dajin Babban Rahi da kudancin Gidan Runji, satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin hwansa. Garin Madarumhwa da bakin tabki da rana wani abu ne, kutsawa daji wani abu ne daban. Ka tahi da sahe, ka bi babbar hanya, ka juyo kahin la'asar, kada ka kwana, kada ka sa hoto a Facebook kana wurin sai kun dawo, kuma daren da za ku tahi ka kira wani mazaunin can ka ji yadda gari ya kwana. In ya ce a dakata to a dakata, tabki ba ya gudu. Katsina ma da wasu za su ce ka ƙetara da su ta Ɗan Isa da Jibiya su ga hasumiyar Gobarau, ni ban ba ka shawara da ƙananan yara ba a wannan karon. In Allah ya sa jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da anka hwara aikinshi 2021 ya ƙare, sai a yi wannan tahiyar cikin kwanciyar hankali.

Ɗan Mokoyo:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mushe, jiya da dare na kira tsohuwa na hwaɗa mata ina so ita za ta riƙa ba yaran labarin gidajen kahin mu je, wallahi ta yi murna har ta hwara tun a waya, ta ce akwai wata yayar babana a Bagalam da uwarta ta ga tashin garin da idonta, can za mu hwara bayan gaisuwar mutuwa. Maman Ƴan Biyu saƙonki ya isa, uwargida ce ma ta karanta da kanta, ita ƴar Tasawa ce, to yanzu maganar da ake ita ce ko mu wuce can mu kwana biyu wajen nata iyayen. Tsibiri da Jiratawa sun shiga lissahi. Madarumhwa zan bi shawarar Bagobiri, akwai abokina da ke aiki can zan tambaye shi in lokaci ya yi. Saura abu guda, ƙaramin yana son kokowa kamar me, kullum a tele yake kallo, ko akwai abin da zan nuna mishi? Kuma tahiyar kar, wato babbar motar haya, tare da yara, wa ya saba yin ta kwanan nan?

Tsohon Mushe:

Madalla ɗana, ka gaida tsohuwa. Mai son kokowa ka kai shi hilin kokowa na gari ko da ba a wasa ranar, sunan Kantu ke bisanshi, Yakuba Kantu ɗan jihar nan wanda ya ɗauki takobin hwarko na ƙasa a Tawa 1975. Ka tambayi samarin unguwa inda ƴan kokowa ke motsa jiki da marece, nan zai gan su kusa da kusa, ya fi tele. Tasawa kuwa ku je, hakkin surukai ne, kuma ita ma gidan sarautar Katsinawa ce, labarin guda ne ya ci gaba.

Maman Ƴan Biyu:

Tafiyar kar ina yin ta, sama da kilomita 600 ce, wuni guda cur. Ka sayi tike da wuri don lokacin konje ɗalibai na cika motoci, kuma ka ɗauki ta asuba, ku yi Doso da Dogon Dutsi da sauran sanyi, zafin sai wajen Ƙonni da Madawa zai same ku. Ka nemi kujeru kusa da juna ɓangaren da uwar za ta iya fita da ƙananan in an tsaya. Katin ɗan ƙasa naka da nata a hannu ba cikin jakar da ke ƙarƙashin mota ba, yara kuma takardar haihuwa ko katin lakwal, ana tambaya a shingaye. Ruwa ku ɗauko da yawa daga gida, da biredi da dafaffen ƙwai da dabino, leda ko biyu saboda mai amai. Kuma ranar da kuka sauka ka roƙi tsohuwa kar a je ko'ina, a bar yara su yi wanka su yi barci, gaisuwa ta fara washegari. Tiken komawa ma ka saye shi tun kuna isowa, in ka bari sai ƙarshen hutu za ka rasa wuri yara su makara lakwal.